Man Ramatu

Asabar, 27 ga Nuwamba, 1971

Yau Sit Asma'u, malama Balarabiya shugabar ɓangaren 'yan mata, ta tara mu iyaye mata a makaranta. Tun da hukuma ta ƙara aji biyu a kan huɗun da, yara sun kusa ɗari tara, na ƙauye bakwai, wuri kuwa bai ƙaru ba. Ajinsu Asabe tawa a rumfar kara yake, ita ma ruwan bana ya kayar da ita sau biyu. Sit ta ce in ba a gina ɗaki biyu kafin damina ba za a sallami manyan 'yan matan. Maza sun ɗauki tubali da ƙwadago, saura kwanon rufi da siminti da ƙofofi, su kuwa sai da kuɗi.

Ba wadda ta san inda za a samo kuɗin. Na raɗa wa ƙawata Ramatu a kunne na ce, ga gyaɗa ana cira, kowane gida ya ba da kwano huɗu, mu matse mai, mu toya ƙuli-ƙuli, mu ci kasuwa a filin makaranta in an fara tsinkar auduga, kuɗi ya shiga hannun mutane. Kafin in rufe baki ta miƙe ta zuba wa Sit shawarar da Larabci, tas, ba gargada. Tafi ya tashi. Sit ta rungume ta, nan take aka ce ita ce shugabar lajna, wato kwamitin aikin.

Gaskiya ta ce "ni da ƙawata." Na ji. Amma tafi ya cinye wurin, ba wanda ya waiwayo ni.

Lahadi, 28 ga Nuwamba

Shekara goma sha tara muna ƙawance, tun muna 'yan mata muna tsinkar auduga layi ɗaya a Wad Haddad. Ita ta yi mini wankan jego a haihuwata ta fari. Ban taɓa yin biki ta kasa ninka abin da na kai mata ba. To me ya sa tun jiya tuwo ba ya wuce mini? Ni ɗiyar mai mai ce. Innata shekara talatin tana matsa a Rusairis. Ramatu ko soya gyaɗa sai ta ƙona. Larabci kawai ta fi ni, don ta yi aikin gidan bafada a Sinnar.

Asabar, 4 ga Disamba

An fara tara gyaɗa. Ɗanjuma mijin Ramatu ya ba da lorinsa kyauta, sai ga ta a gaba kusa da direba, cikin sabon mayafin tobi ruwan ƙwai, tana ɗaga wa mutane hannu. Mu muna baya a kan buhuna, ƙura har cikin haƙora.

Laraba, 8 ga Disamba

Kwana uku ina bin gidaje ina nuna wa mata yadda ake yi: kada wuta ta yi yawa, a mirje ɓawo sosai, ruwan zafi kaɗan-kaɗan a turmi, ba a bulbula shi. Hannuna duk ya yi kanta.

A bakin tur'a, magudanar da muke ɗiban ruwa, na ji mata biyu 'yan wani ƙauye suna hira, ɗaya tana cewa, "Kun ko ba da taku ta man Ramatu?" Man Ramatu! Saura kaɗan tulu ya suɓuce mini. Da na faɗa wa maigida sai ya yi dariya, wai in dai ɗakin ya tashi ko man jaki aka kira shi ba ruwansa. Ban sake yi masa magana ba har la'asar.

Litinin, 13 ga Disamba

Garewanin zuba mai sun iso, goma sha biyu. Ɗanjuma ya samo su da araha wurin wani ɗan kasuwa a Sinnar. Ramatu ta sa an wanke su da sabulu, ta jera a tsakar gidanta suna ƙyalli, mata sai sa albarka suke.

Da rana ta take na ɗauki ɗaya da ta daɗe a rufe, na buɗe, na sa hanci. Jaz ne. Kananzir aka taɓa zubawa a ciki. Da sanyin safiya ba ka jin komai, sai ƙarfen ya ɗauki zafi warin yake fitowa daga haɗin gindi. Na duba uku, duka haka. Innata ba ta zuba mai a irin wannan sai ta dafa toka a ciki sau uku ta shanya mako guda, wata ma ko an yi hakan jefar da ita take.

Na mayar da murfi na ajiye. Ban ce komai ba.

Talata, 14 ga Disamba

Ai ba ni ce shugaba ba.

Alhamis, 16 ga Disamba

Ramatu ta zo da hantsi da jabanarta ta dafa kofi da 'yar soyayyar gero, yadda ta saba. Muka sha kofi, tana ta ba ni labarin Sit ta gayyace ta gida, ta zauna a kujera mai hannu, an ba ta shayi da madarar gwangwani. Ta ce, "Ƙawa, wallahi tsoro nika ji. Ban san komi ba ga aikin ga, ke nika kallo." Har ta tambaye ni ko garewanin sun yi. Na ce, "Ke da kinka wanke su da sabulu mai ƙamshi?" Ta yi dariya, ni ma na yi.

Bayan ta fita na zauna ina cewa gobe zan faɗa mata. Sai na tuna kujera mai hannu. Kishi nake yi, na sani, ba sai wani malami ya faɗa mini ba.

Asabar, 18 ga Disamba

Ranar zuba mai. Kowace unguwa ta kawo nata a tukwane da ƙore, aka taru gidan Ramatu, Sit ma ta zo da littafinta. Aka fara da unguwar gabas, su Inna Sabuwa. Tsohuwar nan ba ta da kowa sai jika ɗaya a makarantar, har gyaɗar irinta ta haɗa ta bayar. Ina tsaye ina kallo man ta yana gangarawa ta mazurari, ja, garau. Garwa ta ɗaya ta cika. Ta biyu. Ta uku. Ban hana ba.

Sai aka kira unguwarmu. Aka ɗauko tukunyata, wadda na kwana huɗu ina matsa, aka karkata ta a bakin garwa ta huɗu. Ban san lokacin da na riƙe hannun mai zubawa ba. Na ce, "Ku dakata! Ina jin wari."

Aka fitar da garwa rana, aka rufe, aka jira, aka buɗe. Kowa ta sa hanci ta ja da baya. Aka ɗebi na garwa ta farko aka soya albasa, ko kaza ba za ta ci ba. Uku sun tafi.

Sit ta kama hannuna biyu tana ta mashaallah, wai hancina ya ceci garwa tara. Mata suka yi mini caa, Sodangi ɗiyar mai mai, Sodangi kaza. Abin da nake nema tun ranar taro ke nan, ga shi na samu har da ƙari. Ramatu tana tsugune kusa da garewanin, ba ta ɗago ba.

Lahadi, 19 ga Disamba

Inna Sabuwa ta je har ƙofar gidan Ramatu ta zazzage ta. An ce tana kuka tana cewa, "Irin shukata na ba ki, ɗiyar nan, kinka zuba mai jaz. Mi za ni shuka baɗi?" Wasu har cewa suke ita da mijinta sun ci rarar kuɗin garwa. Ƙarya ne, na san ƙarya ne. Da aka faɗa a gabana na ce Allah ya kyauta, na ci gaba da tankaɗe.

Talata, 21 ga Disamba

Ramatu ta ajiye shugabanci. An ba ni. Sit ta kai ni ofis, na zauna a kujera mai hannun. Tauri gare ta. Rabin abin da ta faɗa ban gane ba, sai gyaɗa kai nake ina "aiwa, aiwa."

Alhamis, 23 ga Disamba

Mun haɗu da Ramatu a tur'a, mu biyu kaɗai. Ta gaishe ni, ta tambayi yara. Ta taya ni aza tulu ma. Sai da na juya ta ce, a hankali, "Sodangi, ran Littinin na gane ki kin sa hanci ga garwa ukku. Na aza in da wani abu, ke za ki hwara hwaɗa min."

Ba ta jira amsa ba, ta ɗauki tulunta ta wuce. Tun muna 'yan mata ba ta taɓa kiran sunana ba, sai ƙawa.

Lahadi, 26 ga Disamba

Kwana uku ina jiran maganar ta fasu a gari. Shiru. Ba ta faɗa wa kowa ba, ko Ɗanjuma, don ya gaishe ni yau da fara'a. Ta sayar da akuyarta mai ciki ta saya wa Inna Sabuwa iri. Ana zaginta tana ɗauka, alhali kalma ɗaya za ta furta a juyo kaina.

Wannan ma haushi yake ba ni. Da ta tsaya a tsakar kasuwa ta tona ni, da mun yi faɗa mun huta. Ko a haƙuri sai ta fi ni?

Talata, 28 ga Disamba

Asabe ta dawo tana murna, wai malamai suna nuna ta suna cewa ga ɗiyar wadda ta ceci man makaranta. Na daka mata tsawa a kan ba ta wanke kwanuka ba. Ta wanke su tun safe.

Alhamis, 30 ga Disamba

Na sa an fito da buhuna biyun nan na ɓararriyar gyaɗa, rabona na hawasha, gonar da muke nomawa, da nake tarawa a kan guzurin Makka. Maigida ya tambaya, na ce ƙwari sun fara shiga, gara a matse. Ya buɗe ya duba, ya dube ni, ya ɗaure bakin buhu.

Gidan Ramatu na sa aka kai. Turminta ya fi nawa girma, shi ke nan dalili.

Lahadi, 2 ga Janairu, 1972

Kwana uku muna aiki. Da ta ga buhunan ba ta tambaye ni ba, ta ɗauko itace ta hura wuta. Ni ke juya taɓarya, ita ke zuba ruwan zafi. Ta iya yanzu, kaɗan-kaɗan. Magana ba ta wuce "ƙara" da "ya isa." Garwa biyu muka samu, ta ukun ba ni da abin cika ta.

Jiya da la'asar na bi ta gidan Inna Sabuwa na faɗa mata tun yaushe na ji warin. Ita kaɗai. Ta dube ni ta ce, "Ashe ke ta kamata in zaga." Na ce e. Ta zage ni kuwa, ba ta rage komai ba, har innata da ke kabari ta ce ta ji mini kunya. Na tsaya na sha. Yau da safe an ga tsohuwar ta nufi gidan Ramatu da ƙwarya a rufe.

Alhamis, 6 ga Janairu

An ci kasuwa. Tun hantsi filin makaranta ya cika, 'yan tsinkar auduga, matan Larabawa na ƙauyukan kusa, har masu shago biyu daga Sinnar. Kowane aji da tabarmarsa, 'yan mata suna auna mai a kwalabe, ƙuli-ƙuli tuli guda a faifai. Sit ta ce kuɗin ya isa kwano da siminti. Ƙofofi sai wani jiƙon, a rataya buhu tukuna. Ba za a sallami kowa ba.

Da fari ciniki ya yi sanyi, mutane suna zagayawa suna shinshina kwalba, an ji labarin jaz. Ramatu tana can baya tana wanke kwalabe, ta ja tobi ta rufe rabin fuska. Sai na hau kan benci na buɗe murya, da Hausa da guntun Larabcina: "Ga man Ramatu! Ku zo ku ɗanɗana man Ramatu, wanda ya ji wari ni zan biya!" Har muryata ta dushe. Sunan da mutanen ƙauyuka suka sani ke nan, da shi suka ba da gyaɗarsu. Dabarar ciniki ce, ba wani abu ba.

Da masu shagon Sinnar suka zo taya garwa huɗu, na je na jawo ta da hannu, don ni in na shiga ciniki da Larabci sai a saye ni a haɗa da garwar. Ta tsaya ta murje ido har sai da suka ƙara. Sit tana ta kallonta tana murmushi. Ya ɗan sosa mini rai, ba zan ɓoye ba. Kaɗan.

Wajen azahar, ana tsakiyar turmutsitsi, hannunta duk mai, ta ce ba tare da ta dube ni ba, "Ƙawa, miƙo min mazurarin can."

Wataƙila suɓutar baki ce. Ban tambaya ba. Na miƙa mata.