Kazar Delia a Bacolod

Ƙanwata Perpetua,

Shekaruna tamanin da ɗaya, kuma ba na neman tausayin kowa. Yaya gwiwarki, yaya mutanen Vigan?

Lafiyata ƙalau, sai dai tun da na binne maigidana a nan garinsu abinci ya daina yi mini ɗanɗano, har zobena yana zamewa. Ranar Lahadi na zauna cin abinci a shagon Delia, mai gasa kaza a layinmu, sai ta ƙwace cokalina. Lola take kirana, wato kaka.

"Lola, duk digirinki, ba ki san da hannu ake ci ba?"

Ta kwarara man kaza kan shinkafa, ta matsa lemun tsami. Perpetua, harshena ya farka! Na cinye tsit, kamar a coci.

Ki shaida wa ɗana kada ya zo ɗaukata. Na riga na kama ɗakin saman shagon Delia.

Yayarki,
Asuncion