Kwanon da Na Haɗa wa Baƙuwa

Bakin Dam, ta Dutsi,
12 ga Fabrairu, 2004.

Zuwa ga ƙanena Maharazu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya, kai da mai ɗakinka da yara. Yaya gwiwar nan da ka ce tana hana ka shiga jirgi da sanyin safiya? Allah ya sawwaƙe. Mu nan sai godiya, mai ɗakina Nagoggo ma tana gaishe ka.

Shekarun baya, a kasuwar Mai'adua, wani Bakabe mai sayar da ƙugiya ya taɓa ce mini wai kifi yana ƙarewa a ruwa kamar yadda hatsi ke ƙarewa a rumbu. Na dube shi sama da ƙasa, na ga ba mahaukaci ba ne, sai na ce a raina yunwa ce ke magana. To ga wasiƙarka ta zo da irin wannan zance, wai ƙananan kifin nan, warangi, ya yi ƙaranci a wajenku can Yawuri, kana so ka naɗo tarunka ka dawo gida bayan shekara ashirin da biyu, in dam ɗinmu zai ɗauke ka.

Ka tambaya a kan gaɓa. Gwamnati ta turo mana wata malama, Rahmatu, ta duba ko warangin da muke busarwa muna loda wa 'yan mota zai ɗore. Ta ce wai ɗan'uwan kifin gwangwani ne, ka ji ɗaukaka. Duk Laraba takan zauna a gindin tsamiya da wani katako mai zane-zane, a kawo mata kwano ɗaya daga kamun ranar, ta auna tsawonsu ɗaya bayan ɗaya, ta tsaga ciki ta duba ƙwai. Ni da nake Sarkin Ruwa ba zan bari mu ji kunya ba, kwanonta da hannuna nake haɗa shi. Mako shida ke nan, jiya kuwa ta ce abin da ta gani ya faranta mata rai. Kifinmu manya ne, kusan duk sun kai yin ƙwai kafin a kama su, ruwan zai ɗauki ƙarin taru biyu ko uku.

Saboda haka fara shiri. Ɗakin Baba yana nan, na sa a yi masa yaɓe.

Ka huta lafiya.
Yayanka, Mati.


6 ga Maris, 2004.

Maharazu,

Sallama da gaisuwa, da fatan kowa lafiya. Na ji daɗin jin gwiwa ta yi sauƙi.

In ba ka ɗaure kaya ba, dakata tukuna.

Ka san tun da aka zo da Shari'a wa'azin Liman ba ya wuce mudu da sikeli. Jiya Juma'a sai ya hau kan algus, masu jera manyan tumatir a bakin kwando su ɓoye ƙanana a ƙasa. Ina ta gyaɗa kai, har ina satar kallon Kalilu mai tumatir a sahun gabana, ina jin daɗin yadda kunnensa ke motsi. Ban kai ga saka takalmina ba abin ya faɗo mini. Kwanon Malama.

Kai ma ka san tarbiyyar gidanmu. Baba bai taɓa miƙa wa baƙo kan kifi ba, tsakiya ake ba shi. To mace ta taso tun daga Katsina, ta sha rana saboda mu, sai in ɗebo mata tarkacen da kyanwa ma sai ta yi shawara kafin ta ci? Duk Laraba jirgi uku nake bi ina tsinto mata masu tsawon ɗan yatsa, har in ɗauraye su. Ta ce a ɗebo, ni kuma na zaɓo. Wallahi karamci na nufa, ban san awo nake ɓatawa ba. Kalilu dai kwando ɗaya yake rufewa, ni dam guda na rufe.

Gaskiyar magana, abin da ke fitowa a taru yanzu yawancinsa bai kai gaɓar yatsa biyu ba. Yawa dai akwai yawa, shi ya sa ba wanda ya damu.

Ta ce ƙarshen wata za ta kai takardarta. In na yi shiru, takarda ta ce a ƙara taru, ka dawo gida, kowa ya yi murna. In na yi magana, na tsaya gaban masunta da furfurata in ce ni na yi ɓarna, kuma ƙila in hana ƙanena hanyar gida da bakina. Na juya abin nan har tuwo ya huce a gabana. Laraba dai zan faɗa mata. Ka sa ni a addu'a.

Yayanka, Mati.


29 ga Afrilu, 2004.

Ƙanena Maharazu,

Assalamu alaikum. Gaisuwa mai tarin yawa gare ka da iyali duka. Wasiƙarka ta iso, na karanta ta sau uku, na ukun a fili don Nagoggo ta ji.

Ka tambayi yadda aka ƙare. Da na faɗa wa Malama sai ta dubi littafinta na mako tara, sannan ta kwashe da dariya har tana share ido da gefen hijabi. Ta ce ta auna ruwa bakwai, an sha ɓoye mata kifi, amma ba a taɓa yi mata ƙarya don girmamawa ba sai a ƙasar Daura. Ta ja layi a kan aikin, ta sake sabo. Yanzu da kanta take zuwa bakin jirgi ta luma kwano kafin kowa ya taɓa, ni kuma an ba ni aikin riƙe mata lema, don hannuna ya samu abin yi.

Abin da ya fito ba daɗi. A cikin goma, bakwai ba su taɓa yin ƙwai ba. Ta ce muna yanka 'yan maruƙa muna jiran nono. Amma ta ce ba a makara ba, warangi mai saurin haihuwa ne in an ba shi sarari.

Mun zauna a ƙofar Mai Gari. Na faɗi laifina, aka yi mini dariya daidai gwargwado, wasu suka yi gunaguni, daga baya aka shafa fatiha. Wata uku na damina ba mai jefa taru, dama lokacin muna gona. Raga mai ƙananan ido an daina. Sabon taru kuwa babu, ko na ƙanen Sarkin Ruwa ne. Ni na faɗi wannan da bakina, kuma ya yi mini nauyi.

Shi ya sa da na ga ka rubuta cewa ka bar wa surukinka tarun, za ka taho da fartanya kawai kafin ruwan shuka, sai da na tashi na zaga gida. Fadamar Baba ta ishe mu mu biyu. Jirgina ma mutum biyu yake so, ni da kai, in an buɗe ruwa. Yaɓe ya bushe, an sa ƙyaure.

Sai ka iso. Allah ya kawo ka lafiya.
Yayanka, Mati.

Af, maganar Bakaben nan, na yarda da ita yanzu. Ran da Malama ta faɗa mini sakamakon sabon awo, na shigo gida da saurina in ba da labari. Nagoggo tana shara ƙarƙashin asabarin da take shanya kifi, ko ɗagowa ba ta yi ba. Ta ce shekara uku ke nan kifin yana zurarewa ta tsakanin karan asabari, kajinta suna ƙiba, kuma duk shekara sai ta faɗa mini, ina cewa asabarin ne ya tsufa. To ka ji. Bakabe ya faɗa, kai ka faɗa, mai katako ta faɗa, amma magana ta ƙarshe ta Nagoggo ce, kuma ta ce in rubuta maka haka.