Tsintsiyar Inna da Kokon Baba

Zuwa ga yayana Talalelei,

Gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya, kai da matarka Moevao da yara. Yaya sanyin Auckland? Mu nan gida tsibirin Savai'i lafiya lau, sai gwiwar Inna da ke motsawa in hadari ya taso.

Bayan haka, Yaya, Kawu Pelenato ya tara dangi ranar Lahadi bayan an taso daga coci. Ya ce bishiyoyin kokon da Baba ya shuka, masu 'ya'yan da ake yin cakulan da su, sun tsufa, fure kawai suke yi ya zube. In damina ta wuce ba su yi 'ya'ya ba, za a sare a shuka gwaza. Ranar Inna ba ta ci abinci ba.

Ni ban yarda tsufa ba ne. Tun da aka binne Baba a gefensu, kullum sai Inna ta share gindinsu tas, ta ƙone ganyen, wai kada matan kwamitin tsabta su ce ta bar mijinta cikin juji. Ƙasar ta yi tauri kamar daɓe, cittar da ke ƙarƙashi ma ta tsumbure. Amma bishiyar bayan madafa, inda muke zuba ɓawo, ta yi 'ya'ya har a gindi. Na tona da hannu: ƙasa baƙa, mai laima, ga tana. Abin da nake koya wa ɗalibaina ke nan: ruɓaɓɓen ganye ne abincin ƙasa, kuma a cikinsa 'yan ƙwarin da ke yi wa fure barbara suke hayayyafa.

Amma yaya zan ce wa Inna ƙaunarta ce ke kashe su? Ka taya ni addu'a.

Ƙanwarka,
Seutatia

Zuwa ga yayana Talalelei,

Ina gaisuwa. Da fatan tarin ƙaraminku ya yi sauƙi.

Ka yafe mini dogon shiru, jira nake in ga abin da ƙasa za ta yi. Ban yi wa Inna wa'azi ba. Bayan madafa na kai ta, na zuba mata ƙasar a tafi. Ta shinshina, ta daɗe, sannan ta ce haka hannun Baba yake ƙamshi in ya dawo daga gona.

Yanzu kabarin kaɗai take sharewa, ganyen kuma ta kai gindin bishiyoyi. Shugabar kwamiti ta tsokane ta, wai ko tsintsiyar ce ta tsufa? Inna ta ce, "Ke dai in kin zo shan kokon bishiyoyin nan kada ki nemi ƙari."

Ba duka suka farfaɗo ba, biyu sun bushe. Sauran kuwa 'ya'ya sun kama, citta ta yi kore. Jiya Kawu ya zagaya da addarsa, ya duba, ya koma bai taɓa ko reshe ba.

Da yamma na tarar da Inna zaune a bakin kabari, ganye na zubowa a kansa, na kai hannu zan kwashe. Ta ce, "Bar shi. Ubanku dama bai taɓa son yin shara ba."

Ka gaida Moevao. Curin niƙaƙƙen koko na farko naka ne.

Ƙanwarka,
Seutatia