Wa Ya Gaya wa Inna Na Faɗi?

Zuwa ga ƙanwata Auta,

Bayan gaisuwa, ya jikin Inna, ya ƙafar Baba? Ni lafiyata ƙalau, aiki sai godiya.

Saura mako uku gasar gudun fanfalaki. Gaskiya ne ranar Asabar ina atisayen gudu jiri ya ɗebe ni na faɗi a kilomita na talatin, amma likita cewa ya yi in rage, bai ce in bari ba.

To wa ya gaya wa Inna, har ta kira ni tana kuka? Ba kowa a wurin sai Dogo, abokin hawan kekena, yana bina a keke da gorar ruwa. Da na tambaye shi, sai ya sunkuya yana duba tayar da ba abin da ya same ta. Jiya kuma ya ce, "Ashe Auta ta ci jarrabawa?" Ni ban gaya masa ba. Ruwa ba ya tsami banza.

Ki lallashi Inna. In da magana tsakaninki da Dogo, gara in ji daga bakinki. Ranar Lahadi kilomita sittin za mu yi a keke, daga ni sai shi.

Allah ya yi miki albarka.

Yayanki.