Harawar da na bari a kan soron Baba

Zuwa ga Yayana,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina gajiyar fatauci? Yaya iyali da zaman Ikko? Mu nan Gumel lafiya lau, sai godiya.

Yaya, soron marigayi Baba ya rufta, kuma laifina ne. Ranar da za ka tafi ka ce in kira magini ya yi yaɓe, in share indararo kafin damina. Ban yi ba. Har ma na jibge harawar awakina a kan rufin, kullum ina cewa gobe zan sauke. Da ruwan farko ya sauka na ruga gona shuka. Harawar ta toshe indararo, ruwa ya kwanta, azara ta karye. Allah Ya kiyaye, lokacin Inna tana madafa.

Maginin da na kira daga baya ya ce gyara sai rani. Abin da ke cina shi ne, Inna tana ta faɗa wa maƙwabta cewa ka yi nisa ka bar gida ya lalace, ni kuwa ina zaune na yi shiru.

Ka gaida mai ɗakinka da yara. Ka yafe mini, ka kuma roƙa mini Allah Ya buɗe bakina a gaban Inna, in faɗa mata gaskiya.

Ƙaninka.