Tambayar da Ke Gefen Shafi na Goma Sha Bakwai

Zuwa gare ki, sanyin idona, hasken safiyata, inuwar da na fake a ƙarƙashinta shekara biyu ban ɗaga kai na gode mata ba.

Da fensir nake rubuto miki, ni da kika laƙaba wa Jan Biro. Yau ba gyara na zo yi ba.

Kin tuna ranar da na kawo miki shafukan littafinki daga maɗaba'a, kika zaunar da ni gaban madubin duba ƙananan ƙwayoyi na ɗakin bincikenki? Yis ne a kan gilashin, irin wanda ke kumbura burodi. Kika ce in duba da kyau: ƙwayar a mulmule take, ba gaba, ba baya. Sai wani sinadari ya fara taruwa a bangonta, ɗigo nan, ɗigo can. Ɗigon da ya ɗan fi girma shi ke janye na sauran, har su ɓace ya rage shi kaɗai. Daga nan duk abin da ƙwayar ta mallaka sai ya nufi wurin, toho ya fito. Na tambaye ki me ke faruwa idan ta kasa tsayar da wuri. Ko ɗagowa ba ki yi ba kika ce, "Sai ta zauna tana ƙiba a banza, kamar wasu editoci." Na yi dariya. Ƙamshin yis na ranar har yau bai bar hancina ba.

Kin san yadda nake aiki. Ina ɗora rula a kan layi, in fara daga ƙasan shafi in hau sama, don kada ma'ana ta ɗauke min hankali daga kuskure. Gyaran da kika yi da biro shi nake ɗauka. Na fensir kuwa na saba lissafinki ne, ba na ko kallonsa. Jiya da safe ina kwashe durowa, tsofaffin shafukan suka zube, idona ya faɗa kan fensirinki a gefen shafi na goma sha bakwai: "Baba yana tambaya ko akwai wanda nake jira. Me zan ce masa?"

Wata bakwai ke nan. A wannan shafin na kamo waƙafi biyu da suka ɓace, na bar ki ke kika wuce. Wane irin mai karatu ne ni? Wace irin amsa kika ɗauki shiruna?

Na haɗu da yayarki a bakin matakala, ta ce ranar Asabar za ki ba likitan nan da ke neman aurenki amsarsa. Ban ga laifinsa ba. Shi ya yi magana, ni na yi shiru, ɗigonsa ya yi ta girma da abin da na bari. Amma ni tawa zuciyar ta riga ta tsayar da wuri, ruwan sanyina, komai nawa can ya nufa, kuma ke kika koya min cewa toho idan ya fito ba ya komawa.

Kin kuma nuna min tabon da ke zama a jikin uwar ƙwayar bayan toho ya rabu da ita, zobe ne da ba ya gogewa. Kika ce wani irin yis ɗin, dab da tsohon tabo yake fitar da sabon toho. Wurin nan kawai nake roƙo, kusa da inda na ji miki ciwo.

Na haɗo miki da shafin. A ƙarƙashin tambayarki na rubuta: ki ce masa akwai. Idan amsar ta makara, fensir ne, ki goge.

Naki, ko kin goge ko kin bari,
Jan Biro