Jar Fitila a Ƙofar Baba

Yaya Sani,

Assalamu alaikum. Ya aiki, ya Fatakwal? Ya Anti Hadiza da yara? Mu nan Yelwa lafiya lau.

Tun rasuwar Inna, Baba bai sake shiga ɗakin rediyon da yake magana da mutanen nesa ba. Sai na fafe duma, na huda "ANA MAGANA" a jiki, na sa jan ƙwan fitilar babur a ciki, na rataya a ƙofar ɗakin, kamar yadda ake yi a gidan rediyo. Da magariba na kunna. Ya daɗe yana kallo, ya ce, "Kamar fitilar kwalekwalen da ya kawo innarku amarya." Sannan ya shiga. Jiya na ji shi yana dariya da wani mutumin Agadas ta rediyon.

Ka riƙa sa shi a addu'a. Ka gaishe min da kowa.

Ƙanwarka,
Rabi